Yakov Frenkel (1894-1952) da Gurbin da Ƙwayar Zarra Take Bari

Duk ɗalibin kimiyyar fiziks, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero yake ko a Zariya, sai ya gamu da sunan Frenkel idan aka zo babin daskararrun abubuwa. Kaɗan ne ke tambayar wane ne mai sunan.

An haifi Yakov Ilyich Frenkel a ranar 10 ga Fabrairu, 1894, a birnin Rostov na ƙasar Rasha, cikin zuri'ar Yahudawa. Ya kammala Jami'ar Petrograd a 1916, ya koyar a Simferopol da ke yankin Kirimiya lokacin yaƙin basasa, sannan a 1921 ya koma cibiyar binciken da Abram Ioffe ke shugabanta a Petrograd, birnin da aka mayar Leningrad daga baya. A nan ya yi sauran rayuwar aikinsa, in ban da ziyarar karatu a Jamus tsakanin 1925 da 1926, da shekara guda ta koyarwa a Jami'ar Minnesota ta Amurka, da hijira zuwa Kazan a yaƙin duniya na biyu.

A zamaninsa masana sun ɗauki daskararren abu irin gishiri a matsayin jeri cikakke, kowace ƙwayar zarra tana tsaye a mazauninta. Sai dai gwaje-gwaje sun nuna cewa wutar lantarki na ratsa irin waɗannan abubuwa idan sun yi zafi, wato akwai ƙwayoyin da ke tafiya a cikinsu. Ta ina suke bi, alhali babu hanya? A 1926 Frenkel ya kawo amsa: zafi kan sa wata ƙwaya ta fice daga mazauninta ta cusa kanta tsakanin maƙwabta, kamar mutumin da ya bar sahu ya maƙale tsakanin sahu biyu. Abu biyu sun samu ke nan, gurbin da aka bari da kuma cunkoson da aka haddasa. Su ake kira tagwayen Frenkel har yau.

Shi zafi yake tunani, amma nukiliya ce ta ba ra'ayin nasa nauyi. A 1942 Eugene Wigner ya yi gargaɗi a Amurka cewa niyutiron da ke fita daga yuraniyam zai riƙa tumɓuke ƙwayoyin girafait, baƙin sinadarin nan na cikin fensir da ake gina cikin tukunyar nukiliya da shi. Ƙwaya ɗaya da aka buga da ƙarfi takan bugi wasu, su ma su bugi wasu, har a sami ɗaruruwan tagwayen Frenkel daga karo guda. Girafait hawa-hawa yake, kamar ɓawon albasar Aliero, saboda haka ƙwayoyin da aka kora sukan taru tsakanin hawa da hawa, su kumbura shi, su kuma ɓoye makamashi a ciki. Wajen ƙoƙarin fitar da wannan makamashi ne gobara ta tashi a tukunyar Windscale ta Birtaniya a Oktoban 1957.

Wannan darasi ya sa ake gwada kowane sabon abu kafin a sa shi a tukunya. Da yake jiran niyutiron na cin shekaru, sai a harbi abin da ayon, wato ƙwayar zarra mai cajin lantarki, wanda kan yi ɓarnar shekaru cikin sa'o'i, ko da yake ba ya wuce fatar abin. Cikin waɗanda aka fi gwadawa akwai dangin tangaran masu hawa-hawa da ake kira MAX, waɗanda Hans Nowotny da abokan aikinsa suka gano a Biyana a shekarun 1960, misali haɗin titaniyam da silikon da kabon. Abin sha'awa shi ne, a wasunsu ƙwayar da aka kora takan faɗa gurbin ƙwayar wani sinadarin, su yi musayar mazauni, jeri ya ci gaba da tsayawa maimakon ya rushe. Illarsu kuwa ita ce kumburin ba ya daidaita: suna miƙewa ta fuskar hawa, suna tsukewa ta gefe, har ƙananan tsagogi su bayyana. Ma'aunin da ake auna ɓarnar da shi, wato sau nawa aka tumɓuke kowace ƙwaya, ƙidayar tagwayen Frenkel ce a asali. Al'amarin bai yi mana nisa ba, tunda tun 2004 akwai ƙaramar tukunyar bincike a Cibiyar Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Frenkel bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Ko da yake a 1939 ya bayyana yadda cibiyar yuraniyam ke rabewa kamar ɗigon ruwa, kuma littafinsa kan ɗabi'ar ruwa-ruwa ya samo masa lambar yabo ta Stalin a 1947, bai tsira daga farmakin aƙida na ƙarshen shekarun 1940 ba. An zarge shi da kauce wa falsafar gwamnati da karkata ga ƙasashen Yamma. Tun 1929 yake ƙaramin mamba a Majalisar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, ba a taɓa ɗaga shi zuwa cikakken mamba ba, abin da a ganina ya fi nuna halin majalisar fiye da darajar mutumin. Ya rasu a Leningrad ranar 23 ga Janairu, 1952, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 58.