Raphael Lemkin

Raphael Lemkin (24 ga Yuni, 1900 – 28 ga Agusta, 1959) lauya ne Bayahude ɗan ƙasar Poland. Shi ya ƙirƙiro kalmar genocide, wato kisan ƙare dangi, kuma ya yi fafutuka har aka mayar da aikata shi laifi a dokar ƙasa da ƙasa.

Farkon rayuwa

An haife shi a wani ƙauye kusa da garin Volkovysk, wanda yanzu yake cikin Belarus. Ya karanta shari'a a birnin Lviv. A 1921, yana ɗalibi, aka gurfanar da Soghomon Tehlirian a Berlin saboda harbe Talat Pasha, jigo a kisan Armeniyawa a Daular Usmaniyya. Abin da ya dami Lemkin shi ne, akwai dokar hukunta wanda ya kashe mutum ɗaya, amma babu ta hukunta wanda ya hallaka al'umma guda.

Aiki

Ya yi aikin mai gabatar da ƙara a Warsaw. Da Jamus ta mamaye Poland a 1939, ya tsere ta Suwidin, ya isa Amurka a 1941. 'Yan Nazi sun kashe danginsa 49. A littafinsa na 1944 ya haɗa kalmar Girkanci mai nufin ƙabila da ta Latin mai nufin kisa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ranar 9 ga Disamba, 1948. Najeriya ta shiga cikinta a 2009.

Mutuwa

Ya mutu a New York cikin talauci, sakamakon bugun zuciya.

Yarjejeniyar da 'yancin magana

Yarjejeniyar ta haramta tunzura jama'a a fili su aikata kisan, amma ba ta ambaci musanta aukuwarsa ba. Ko batun tunzurawar ma, Amurka ta ƙi shi lokacin tsarawa, don gudun tauye 'yancin magana. Daga baya Faransa a 1990 da Jamus a 1994 suka sa hukunci kan musanta kisan Yahudawa, Ruwanda kuma kan musanta kisan 'yan Tutsi. Sai dai a 2015 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa Switzerland ta tauye haƙƙin Doğu Perinçek, ɗan siyasar Turkiyya, da ta hukunta shi kan musanta cewa kisan Armeniyawa na ƙare dangi ne.