Anna Freud: Matar da ta gano abin da ya fi bam razana ƙaramin yaro

An haifi Anna Freud a birnin Vienna na Austriya a 1895. Ita ce autar Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam. Ta fara aiki a matsayin malamar makaranta, daga baya ta koma nazarin tunanin yara.

A 1938 iyalinsu suka tsere wa 'yan Nazi zuwa Landan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita da Dorothy Burlingham suka buɗe gidan renon yara a unguwar Hampstead. A nan suka lura cewa rabuwa da uwa ta fi ruwan bama-bamai girgiza ƙaramin yaro. Saboda haka suka bar ƙofa a buɗe ga iyaye mata, su zo ganin 'ya'yansu duk lokacin da suka samu dama.

Ta rasu a Landan a 1982.