John Murray (1841–1914): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Binciken Ƙarƙashin Teku

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san murjani tun kafin ya san teku. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum, ya shiga cikin kayan adon mata, sunansa kuma aro ne daga Larabci. Asalinsa ƙashin wasu ƙananan halittu ne da ke zama a cunkushe a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin ado iri ɗaya ne kawai daga cikin ire-ire masu yawa. Wasu danginsa kan yi ta gini a kan ƙasusuwan magabatansu har su tayar da tudu, wani lokaci ma tsibiri. Sanin yadda waɗannan tuddai ke samuwa, da abin da ke rayuwa a zurfin da hasken rana ba ya kaiwa, aiki ne da hannaye da yawa suka taru a kansa. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar mutumin da ya fi kowa haɗa kan waɗannan hannaye a ƙarni na 19, wato John Murray, tare da duba inda ya dace da inda ya kuskure.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi John Murray ranar 3 ga Maris, 1841, a garin Cobourg da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Iyayensa mutanen Sikotland ne da suka yi ƙaura zuwa can. Yana ɗan shekara 17 aka mayar da shi Sikotland wurin kakansa na wajen uwa, ya yi sakandare a Stirling, daga nan ya shiga Jami'ar Edinbara da niyyar karatun likita. Bai tsaya ga fanni ɗaya ba: ya riƙa halartar darussan kimiyyar halittu da na duwatsu da na sinadarai yadda ransa ya so, har ya bar jami'ar ba tare da digiri ba. A 1868 ya shiga wani jirgin mafarautan dabbar whale mai suna Jan Mayen a matsayin likitan jirgi, ya yi wata bakwai a tekun ƙanƙara na arewacin duniya yana tara halittun ruwa, yana kuma rubuta yanayin igiyar ruwa da sanyinsa. Da ya dawo sai ya ci gaba da aiki a ɗakin gwaje-gwaje na Farfesa Peter Guthrie Tait, inda ya ƙware wajen sarrafa na'urorin awo.

3.0 Tafiyar Jirgin Challenger

A wancan zamani ra'ayin Edward Forbes ne ya yi tasiri a tsakanin masana. A 1843 Forbes ya yi hasashen cewa babu abin da ke rayuwa a teku bayan zurfin gaba 300. Gaba a nan ita ce dai wadda masu haƙar rijiya suka sani, daga yatsan wannan hannu zuwa na wancan idan an miƙe su. Ma'aunin Turawa ya tsayar da ita a kan kimanin mita 1.8. Binciken da Charles Wyville Thomson da abokan aikinsa suka yi da jiragen Lightning da Porcupine daga 1868 zuwa 1870 ya rusa wannan hasashe, domin sun jawo halittu masu rai daga zurfin da ya haura gaba 2,000. Ban da haka, shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Tekun Atlantika ya sa gwamnatin Birtaniya ta buƙaci sanin yanayin ƙasan teku. Waɗannan dalilai biyu su suka haifar da tafiyar jirgin Challenger.

Jirgin yaƙi ne da aka kwashe bindigoginsa sai guda biyu, aka mayar da gurabensu ɗakunan bincike. Ya tashi daga Portsmouth ranar 21 ga Disamba, 1872, ƙarƙashin Kyaftin George Nares, Thomson kuma shi ne shugaban masana. An ɗauki Murray cikin mataimakansa, tare da Henry Moseley da John Buchanan da Bajamushen nan Rudolf von Willemoes-Suhm, wanda ya rasu a kan teku a 1875. Kafin jirgin ya dawo gida a watan Mayu na 1876, ya ci mil 68,890 na ma'aunin teku, ya kuma tsaya a wurare 362 domin awo. A kowane zango akan zura igiya mai nauyi a baki a auna zurfi, a auna sanyin ruwa hawa-hawa, a ɗebo ruwa da laka, sannan a ja koma a ƙasan teku. Awo ɗaya kan cinye yini guda. Ranar 23 ga Maris, 1875, a yammacin Tekun Pasifik, igiya ta nutse gaba 4,475, wato mita 8,184, a kusa da ramin da a yau aka san shi ne mafi zurfi a duniya.

Kason Murray a wannan aiki shi ne lakar ƙasan teku da ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa. Da ya kwatanta abin da komarsa ta kamo a sama da abin da aka ɗebo a ƙasa, sai ya tabbatar da cewa farar lakar da ta rufe yanki mai faɗi na ƙasan teku ɓawon ƙananan halittun sama ne, waɗanda ke zuba kamar yayyafi bayan sun mutu. Ya kuma lura cewa a wurare mafiya zurfi wannan ɓawo na alli kan narke kafin ya taru, sai a tarar da jan yumɓu kawai, gauraye da haƙoran kifin shak da dunƙulen ma'adinin manganis.

4.0 Haɗa Kan Masana da Fitar da Rahoto

Dawowar jirgi ba ta zama ƙarshen aiki ba. Dubban kwalabe da akwatuna aka sauke a Edinbara, kuma babu wani masani guda da zai iya tantance su. Thomson ya yanke shawarar raba kayan ga ƙwararru ko daga wace ƙasa suke, abin da ya jawo masa suka daga wasu masanan Landan da ke ganin cewa kayan da kuɗin Birtaniya ya samo bai kamata su fita waje ba. Baitulmali kuma ya matsa a kan yawan kuɗin da ɗab'i ke ci. Lafiyar Thomson ta taɓarɓare, ya rasu a watan Maris na 1882, ragamar ofishin ta koma hannun Murray.

A nan ne baiwarsa ta shugabanci ta fito fili. Ya ci gaba da tsarin magabacinsa, ya riƙa bibiyar masana sama da 70 ta hanyar wasiƙa, yana daidaita rubuce-rubucensu, yana kuma fafatawa da Baitulmali don kada a yanke kuɗi. Ernst Haeckel na Jamus ya yi bayanin dubban ƙananan halittu masu ɓawon gilashi, Alexander Agassiz na Amurka ya ɗauki bushiyar teku, Moseley ya rubuta a kan murjani har da na ruwa mai zurfi. William Dittmar ya tantance samfurin ruwa 77, ya nuna cewa ko da gishirin teku ya ƙaru ko ya ragu daga wuri zuwa wuri, rabon sinadaran da suka haɗa shi ba ya sauyawa. Murray da kansa, tare da Alphonse Renard na Beljiyam, sun fitar da juzu'in da ya rarraba lakar ƙasan teku aji-aji a 1891. An kammala rahoton a 1895 cikin juzu'i 50 masu shafi kusan 30,000, ɗauke da bayanin halittu sama da 4,000 da kimiyya ba ta san da su ba a da. Da gwamnati ta ƙi biyan kuɗin lambar girmamawa ga waɗanda suka yi aikin, Murray ya biya daga aljihunsa.

5.0 Taƙaddama a Kan Tuddan Murjani

A 1842 Charles Darwin ya yi bayanin cewa tsibiran murjani masu siffar zobe kan samu ne idan tsibirin dutse mai aman wuta ya riƙa nutsewa sannu a hankali, murjanin da ke gefensa kuma yana ta gini sama domin ya riƙe haske. A 1880 Murray ya gabatar da wani ra'ayi na daban a gaban ƙungiyar masana ta Edinbara. A ganinsa ba sai ƙasa ta nutse ba: ɓawon halittu kan taru a kan ƙololuwar duwatsun ƙarƙashin ruwa har ta kusanci haske, murjani ya kafu a kai ya bazu zuwa waje, ruwa kuma ya narkar da tsakiya ya bar tafki. Masana sun rabu gida biyu na tsawon shekaru, haƙar da aka yi a tsibirin Funafuti daga 1896 zuwa 1898 ba ta raba gardamar ba. Sai a 1952 aka haƙa a Enewetak, aka ratsa dutsen murjani na sama da mita 1,200 kafin a taɓa dutsen aman wuta. Wannan ya ba Darwin gaskiya a kan nutsewa. Duk da haka, binciken baya-bayan nan ya nuna cewa narkewar dutse, musamman da ruwan sama a lokutan da teku ya janye, tana da hannu wajen fitar da siffar zoben.

Murray ya taka rawa kuma a fagen murjanin ruwa mai zurfi, wanda ba ya buƙatar haske domin abincinsa igiyar ruwa ke kawo masa. A 1880 da 1882, shi da Thomas Tizard sun bi diddigin bambancin sanyin ruwa tsakanin Sikotland da tsibiran Faro, suka tabbatar da wani dogon tudu a ƙarƙashin teku da ya raba ruwan sanyi da mai ɗumi, aka sa masa sunan Wyville Thomson. A kusa da wannan tudu ne aka gano ɗaruruwan tsaunukan murjani a zurfin kimanin mita 1,000 a 1998, Tarayyar Turai kuma ta hana jan koma a ƙasan wurin daga 2003. Irin waɗannan tsaunuka sun yi jerin ɗaruruwan kilomitoci a gaɓar Muritaniya.

6.0 Dukiyar Fosfat da Ayyukansa na Ƙarshe

Cikin binciken murjani ne Murray ya sami samfurin dutse daga Tsibirin Kirsimeti da ke Tekun Indiya, ya gane cewa cike yake da fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. Ya matsa wa gwamnati har ta mamaye tsibirin a 1888, sannan shi da George Clunies-Ross suka kafa kamfanin haƙa a 1897. Ya yi arziki mai yawa, amma ɗaruruwan leburori 'yan Sin da aka kawo bisa yarjejeniyar ƙwadago sun mutu da cutar beriberi a shekarun farko, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk mai auna rayuwar Murray dole ya ɗora wannan a kan sikeli, domin da wannan dukiya ya ɗauki nauyin yawancin bincikensa na baya.

Tun a 1884 ya kafa tashar binciken teku a Granton. Daga 1897 zuwa 1909 ya jagoranci auna zurfin tafkuna 562 na Sikotland, da tallafin Laurence Pullar, wanda ɗansa Frederick, abokin aikin Murray, ya nutse a 1901 yana ƙoƙarin ceton mutane. An ba shi muƙamin Sir a 1898. A 1910 ya biya kuɗin tafiyar wata huɗu ta jirgin Michael Sars na ƙasar Norwe a arewacin Atlantika tare da Johan Hjort, littafin da suka fitar a 1912 ya daɗe yana zama madogarar ɗalibai. Ya rasu ranar 16 ga Maris, 1914, a haɗarin mota kusa da Edinbara, yana da shekara 73. Da dukiyar da ya bari aka shirya tafiyar jirgin Masar mai suna Mabahiss a Tekun Larabawa daga 1933 zuwa 1934.

7.0 Kammalawa

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓa, amma aikin Murray bai yi mata nisa ba. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, da fosfat ɗin Dange mai ɗauke da haƙoran kifi, lakar wani tsohon teku ne da ya taɓa rufe yankin, kuma nazarin laka irin wanda ya assasa yana cikin abin da ke taimakawa wajen karanta su. Haka nan hanyar da ya bi a tafkunan Sikotland, ta jera layuka a auna zurfi a zana taswira, ita ce tushen yadda ake gane yawan lakar da ta cike tafki irin na Bakolori, wanda manoman rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun suka dogara da shi. Ga masu nazarin Hausa kuma, kalmomi irin su gaba da koma da laka da murjani sun nuna cewa harshen yana da abin da zai fara gina ƙamus na kimiyyar ruwa a kai.