Tarihin Farfesa Gibbs, Malamin da Ya Yi Shekara Tara Ba Albashi

Duk wanda ya yi Kemistiri a cikinmu zai tuna da harafin nan G da malamanmu ke rubutawa a allo. Harafin farko ne na sunan Josiah Willard Gibbs, mutumin Amurka, wanda aka haifa ran 11 ga Fabrairu 1839 a garin New Haven. Mahaifinsa masanin harsuna ne a Jami'ar Yale, kuma shi ne ya nemo tafinta ga mutanen Mende na Saliyo da suka ƙwace jirgin bayi mai suna Amistad a wannan shekara.

Gibbs ya shiga Yale a 1854, ya fita a 1858, a 1863 kuma ya zama mutum na farko da ya sami digirin dakta a fannin injiniya a Amurka. Daga 1866 zuwa 1869 ya ƙaro ilmi a Faransa da Jamus. A 1871 aka naɗa shi farfesa, amma ba albashi, ya dogara ga gadon mahaifinsa har shekara tara. Sai a 1880, da Jami'ar Johns Hopkins ta yi masa tayin dala 3,000, sa'an nan Yale ta yanka masa dala 2,000, ya kuwa zauna gida.

A cikin waɗannan shekaru ne, tsakanin 1875 da 1878, ya fitar da babban aikinsa mai shafi kusan 300. Tambayar da ya tunkara ita ce: in an haɗa sinadarai, haɗin zai tafi da kansa, ko sai an tura shi? Wasu masana na lokacin sun ɗauka haɗin da ke fitar da zafi ne kaɗai ke tafiya da kansa. To, amma manomin Runka da ya taɓa jiƙa takin yuriya ya san ruwan sanyi yake yi, takin kuma ya narke sarai. Gibbs ya nuna cewa abu biyu ake aunawa tare, watau zafin da ya shiga ko ya fita, da kuma yadda abubuwa ke ƙara warwatsuwa. A yau ana rubuta wannan ΔG = ΔH − TΔS. In ΔG ya kasa sifiri, haɗin na iya tafiya da kansa. In ya yi sifiri, an kai ga daidaito, kamar sikelin da ya tsaya cak.

Daga nan ne ake gane inda haɗi zai tsaya, ta hanyar lambar daidaito K, inda ΔG° = −RT ln K. A zafin digiri 25, duk raguwar kilojul 5.7 a kowane mol na ninka K sau goma. Sai dai lissafin bai faɗin sauri. Itacen girki na iya ƙonewa, amma yakan shekara a jibge sai an kyasta masa ashana. Irin wannan lissafi ne Fritz Haber ya bi a Jamus har ya haɗa amoniya a 1909, wadda da ita ake yin yuriyar da muke zubawa a gona.

Mutane kaɗan ne suka fahimci rubutunsa da farko, saboda tsaurinsa da kuma ƙaramar mujallar da ya fito a ciki. James Clerk Maxwell na Birtaniya ya gane darajarsa tun da wuri, amma ya rasu a 1879. Sai a 1892 aka fassara aikin da Jamusanci, a 1899 da Faransanci, a 1901 kuma aka ba shi lambar girma ta Copley a Landan.

Bai taɓa aure ba, ya zauna tare da iyalin 'yar'uwarsa a gidan da mahaifinsu ya gina, har ya rasu ran 28 ga Afrilu 1903 yana da shekara 64.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, akwai irinsa cikin malamanmu, waɗanda suka koyar da mu ba ɗakin gwaji na kirki, ba yabo. Waɗanda ke raye mu ziyarce su, mu taimaka musu tun suna ganin abin da suka shuka. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.