Tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, masanin ilimin magunguna

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1781.

Shi ne ya jagoranci gina birnin Sakkwato a 1809, ya kuma zama Sarkin Musulmi a 1817, bayan rasuwar mahaifinsa.

An fi saninsa da jihadi da sha'anin mulki da kuma littafinsa Infakul Maisuri, amma ya bar rubuce-rubuce da dama cikin Larabci a kan cututtuka da magungunansu.

Daga ciki akwai wanda ya keɓe wa cutar basir, wadda likitocin zamani suka ce kumburin jijiyoyin jinin dubura ne ke haddasa ta, da kuma wani a kan ciwon ido.

Neman ilimin lafiya bai tsaya masa a littattafan magabata kaɗai ba. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Bello ya nemi Sarkin Ingila ya aiko da likita wanda zai zauna a birnin.

Allah Ya yi masa rasuwa a 1837 a Wurno, inda kabarinsa yake.