Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Marayan Bebeji Da Ya Zama Uban 'Yan Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. A fitowar mujallarmu ta bana mun ga ya kyautu mu waiwayi tarihin ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan da garin Bebeji ya haifa, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin wannan suna ba, amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka tashi a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko ba su san cewa a garinsu aka binne cibiyarsa ba, balle su san irin wuyar da ya sha kafin Allah Ya ɗaukaka shi.

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuri'ar Agalawa, waɗanda tare da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne. A wancan zamani fatake kan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su yi wata da watanni suna yada zango a hanya, su komo da huhunan goro. Madugu shi ke da alhakin sanin hanya, da sasantawa da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, da tsaron rayuka da dukiyar mutanen ayari. Saboda haka ba a ba mutum wannan matsayi sai an tabbatar da amanarsa.

Alhassan bai daɗe yana cin gajiyar wannan gida ba. Bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu, aka raba gado tsakanin 'ya'ya da yawa. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, sai ta tashi ta koma Akara, a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Wannan baiwar Allah ita ta ci gaba da riƙonsu, har mutanen gari suka riƙa kiran yaron da ɗan Tata. Abin lura a nan shi ne, sunan da a yau yake rubuce a jikin kamfanoni da gine-gine da manyan motoci, asalinsa sunan wata tsohuwa ce ta Bebeji wadda ba ta mallaki komai ba sai tausayin marayu.

A makarantar allo ta Bebeji ya fara karatu, kuma kamar sauran almajirai, yana karatu yana neman abin da zai rufa wa kansa asiri. A nan ya koyi tsimi da tanadi, halin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Da ya fara tasawa ya bi ayari zuwa Akara wurin mahaifiyarsa, ya ƙara karatu a can, ya ga yadda ake ciniki a bakin teku, sa'an nan ya komo gida.

Komowarsa ta zo daidai da yaƙin Basasa, wanda ya ɓarke a Kano a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, tsakanin magoya bayan Tukur da Yusufawa. Agalawa da dama sun bi Tukur, don haka da Yusufawa suka yi rinjaye aka washe dukiyarsu, aka kama mutanensu. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama aka bautar. Allah cikin ikonSa Ya kuɓutar da su, suka komo Bebeji hannu rabbana. Mai karatu ya auna: maraya, wanda ya ɗanɗana bauta tun bai cika shekara ashirin ba, ba jari ba majingina. Wani da nan zai yanke ƙauna, amma shi sai ya koma kan sana'ar iyayensa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, hanyoyin ciniki suka fara sauyawa, Alhassan kuwa yana cikin na farko da suka gane haka. Maimakon doguwar tafiyar jakuna, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Ghana zuwa Ikko, ya kuma haɗa da cinikin duwatsun ado da yadudduka. Da hanyar jirgin ƙasa ta fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912, sai ya tattara ya tare a birnin Kano, ya kafa gidansa a Sarari, ta wajen unguwar Ƙoƙi.

Turawa sun shimfiɗa dogo ne da tsammanin auduga za su kwasa, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Kamfanonin Turai suna da kuɗi, sai dai ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za su amince wa ba. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Yadda aikin yake, kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa su bazu kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna, su auna su biya, a kawo Kano a jibge kafin jirgi ya kwashe. Daga irin wannan jibgewa aka sami dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Duk wannan ciniki a bisa yarda yake tafiya, domin yawancin yaran nan ba takarda aka rubuta da su ba. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, har shi ma ya tsaya da ƙafarsa.

Kafin 1922 an riga an san shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Kano. Masu tarihi sun kawo cewa da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya karɓi ajiyarsa a 1929, raƙuma ashirin ne suka ɗauko kuɗin azurfar da ya kai. Duk da wannan daula, an shaide shi da sauƙin kai da ƙin almubazzaranci. Ya sauke farali, ya kuma taimaki wasu suka sauke.

Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kasuwancin gidan ya tarwatse. Sun kuwa riƙe. Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu duk sun yi fice a kasuwanci, har dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun 1970 sakamakon fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin man fetur, amma gidan bai girgiza ba, domin sun riga sun shiga gine-gine da sufuri da masana'antu. Alhaji Aminu ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa, mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Alhaji Sanusi ce, wato shi tattaɓa-kunnen Alhassan ne.

'Yan'uwa mazauna birane, gidajen attajirai nawa muka sani waɗanda suka watse tun ba a yi sadakar arba'in ba? Wannan gida ya kai zuri'a ta huɗu saboda an gina shi a kan amana da tsimi da zumunci, kuma a Bebeji aka dasa tushen waɗannan halaye. Garinmu bai ba Alhassan kuɗi ba. Abin da ya ba shi uku ne: mai riƙo, da malami, da sana'a. A yau ma akwai marayu a unguwanninmu, akwai tsofaffin da ke riƙe da jikoki ba mai leƙa su, akwai makarantun da rufinsu ke yoyo. Ba mu san wanda Allah Ya ɓoye a cikin yaran nan ba, kamar yadda Tata ba ta san wanda take goyo ba. Ya rage namu, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ya ɗauki nauyin karatun yaro guda ko koya masa sana'a.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da iyayensa da wadda ta rene shi, Ya albarkaci zuri'arsa, Ya sa mu ma mu cika da imani, amin.