Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin da bai manta da almajirci ba

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta raine shi. Sunanta ne ya bi shi har kabari. Ya yi almajirci, ya ɗanɗani yunwa. Da Allah ya buɗa masa, daga fataucin goron Gwanja zuwa dalar gyaɗar Kano, bai rufe ƙofarsa ba: ya ciyar da mabuƙata, ya biya wa mutane kuɗin aikin Hajji. Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta 1955, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su rarrabu. Allah ya haskaka makwancinsa, amin.